Karatun Auta da Cittar Baba

Ni ce babba a ɗakinmu, shi ne auta. Tazarar da ke tsakaninmu ta kai na goya shi, na yi masa wanka, daga baya kuma na koyar da shi a aji. Da aka turo ni wata sakandare a Kafanchan in koyar da ilimin halittu, Baba ya ce yaron ya bar ƙauye ya zo ya zauna a hannuna. Ƙauyenmu yana gefen Kwoi. Baba aikin jirgin ƙasa ya yi har ya yi ritaya, sannan ya koma gida ya kama noman citta kamar yadda ubansa ya yi. Mama tana sayar da kayan miya ran kasuwa, kuma ita ce mai buga tulu a zumuntar mata ta coci. Tsakanina da Auta akwai mata biyu, ɗaya tana aure a Jos, ɗaya a Legas, kowace da nauyin gidanta.

A makaranta Malama yake ce mini, a gida kuma Anti. Ban taɓa nuna masa sanayya a aji ba, shi ma bai nema ba. Irin yaran nan ne da za su yi maka tambaya ka ce a bari sai gobe, ka koma gida ka buɗe littafi. Ya shiga jami'a ya karanci aikin gona, ya karkata ga cututtukan shuka, ya fito na ɗaya a sashensu. Ya yi bautar ƙasa, ya dawo ɗakin da ya bari a gidana. Aikin da ya samu shi ne koyarwa a wata makarantar kuɗi kusa da kasuwa, inda albashi sai ranar da mai makarantar ta ga dama.

A wannan zaman ne ya shiga neman tallafin karatu a ƙasashen waje. Kullum kansa na kan waya, yana rubutu yana gogewa. Wasu suka ce a'a, wasu ko amsa ba su ba shi ba. Da aka kira shi intabiyu ta bidiyo, ofishin fastonmu muka roƙa, don can ne akwai sola kuma sabis yana kamawa. Maigidana, wanda yake aiki a Kaduna yana zuwa ƙarshen wata, ya bar masa kwat ɗinsa. Hannun kwat ɗin bai kai masa wuyan hannu ba, a ƙafa kuma silifas ne, tunda ba za a ga ƙasa ba. Ana farawa ruwan sama ya sauko a kan kwano. Ina zaune a benci a baranda ina jin yadda yake ɗaga murya kamar mai kiran wani daga ƙetaren rafi. Da ya fito ya cire kwat ɗin ya miƙo mini.

"Anti, rabin tambayoyinsu ban ji ba. Abin da nake zato sun tambaya na amsa."

Amma shi suka ɗauka. Kuɗin makaranta, kuɗin jirgi, ci da wurin kwana, duk a kansu, digiri na biyu, in ya yi kyau ya zarce na uku.

A ƙauye aka yi sujadar godiya. Muka yi rawa daga bakin ƙofar majami'a har gaban bagade da doya da kaji da kwandon citta, Mama tana gaba da tulunta. Fasto ya tsayar da Auta ya ce yara su dube shi da kyau. Akwai wani Alhaji, ɗan kasuwar Kafanchan, wanda shi yake sayen cittar Baba tun muna ƙanana. Ya zo ya zauna a gindin mangwaro har aka tashi daga sujada. Shi Baba ya ba wa akuyar walimar ya yanka tun da safe, domin kowa ya ci ba tare da tambaya ba. Ya kama hannun Auta ya daɗe bai saki ba, yana sa masa albarka, yana cewa yaron nan na dukanmu ne.

Na raka shi tasha ya hau motar Abuja. Na dawo gida na share ɗakinsa na rufe.

Damina ta biyu da tafiyarsa Mama ta faɗi a bakin murhu. Hawan jini ne, ya shanye mata ɓarin dama, magana kuma ta koma wata kalma a nan wata a can. Da aka sallame ta daga asibiti babu wanda ya yi shawara da wani, gidana aka kawo ta, na buɗe ɗakin Auta na sa ta. 'Yan'uwana mata suka zo suka yi kwanaki, suka yi kuka, suka koma. Baba ya ce ba zai iya barin gona ba, matar wani ɗan ƙaninsa za ta riƙa dafa masa.

Daga nan rayuwata ta zama abu ɗaya. In tashi in ɗaga ta, in yi mata wanka, in sauya shimfiɗa, in ba ta kunu da cokali, in shirya yarana, in ruga makaranta. Lokacin hutun tara in hau mashin in dawo in juya ta, don kada bayanta ya yi gyambo. Ranar gashin jiki a asibiti in nemi mai keke mai haƙuri, mu kama ta ni da shi. Mama ba ƙaramar mace ba ce. Tun a shekarar farko ƙuguna ya fara yi mini magana.

A waje kuwa sunana ya sauya. Na zama yayar wanda ya tafi Turai. Mata a coci su tare ni a bakin ƙofa, wannan tana so in ba ɗanta lambar ƙanina, waccan tana so in duba takardun 'yarta in faɗa mata abin da ya rage. Shugaban makarantarmu ya sa na tsaya a asambili na ba da tarihinsa, ya sake sa ni da aka kawo sababbin ɗalibai. Wasu iyayen har gida suke biyo ni, su same ni da bokitin wankin Mama a hannu, su zauna su jira. Ban iya korar mutum ba. Nakan tsame hannu in goge a zane in karɓi takardun, in faɗa musu gaskiya cewa ni ban san hanyar ba, yaron da kansa ya nema. Ba sa yarda. Gani suke akwai wata ƙofa da muka sani muka ɓoye.

Ran Lahadi bayan sujada yake kira. In kai wayar gaban Mama, ta zuba wa fuskarsa ido, ta sa yatsan hagu tana shafa gilashin. Yana aiko da abin da ya iya tsakura daga kuɗin abincinsa, kuma ban taɓa rainawa ba, da shi muke sayen magani. Sai dai babu abin da za a aiko ta banki da zai kama mutum daga gado zuwa bayi. In ya ce, "Anti, yaya jikin naki ke?" sai in ce lafiya lau. Ina ganin idonsa ya faɗa, ga jarrabawa a gabansa, ga sanyi, ga kaɗaici. Me zan ƙara masa da shi?

Yana shekararsa ta ƙarshe a digiri na uku citta ta ruɓe.

A shekarar Baba ya faɗaɗa gona, don bara an sayi citta da daraja. Ya rufe ta da ciyawa a kan lokaci, ta tsiro kore shar. Da damina ta yi tsakiya sai ya kira ni ya ce in zo in gani. Na bar Mama da maƙwabciya na tafi ran Asabar. Tun daga hanya nake ganin gonaki sun yi ɗorawa, kamar kaka ta zo ba a lokacinta ba. Baba ya kai ni tsakiyar gonarsa, ya kama wata shuka, ko ja bai yi ba ta biyo hannunsa. Ya tono saiwar ya danna da babban yatsa, ta fashe ta fitar da ruwa mai wari. Ya tono wata, haka. Ya matsa gaba ya tono wata. Na ce, "Baba, ya isa." Bai ji ni ba, ya yi ta tonowa yana jefarwa.

Ba shi kaɗai ba ne. Duk yankin haka abin yake, mutane sun fesa duk maganin da masu shago suka miƙo musu, ba abin da ya sauya. Da muka koma gida muka tarar da maza sun cika tsakar gidan Baba, wasu a kan benci, wasu a kan turmi, wasu a tsaye. Alhaji ma yana nan, ya zo ganin gonakin da ya ba da irinsu bashi. Wani dattijon ikilisiya, sa'an Baba, shi ya yi magana a madadinsu.

"Ɗanka ai ciwon shuka ya je karantawa. Ga 'yarka ta zo da waya. A kira shi ya faɗa mana magani."

Baba ya dube ni. Na kira, na buɗe murya yadda kowa zai ji, na ɗora wayar a kan kujera a tsakiyarsu.

Auta ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya da yarenmu. Ya yi tambayoyi, daga ina ɗorawar take farawa, a ganyen ƙasa ko na sama, gonakin da ruwa ke kwanciya ne suka fi lalacewa ko duka ɗaya ne, daga ina aka samo iri. Suka amsa suna katse juna. Da ya zo bayani sai yare ya ƙare masa, ya koma Hausa, Hausar ma ta ƙare ya koma Turanci, ni ina juya musu. Ya ce abu biyu ko uku ne suke iya kawo irin wannan, kuma ba a rabe su da ido, sai an kai saiwar da ƙasar ɗakin gwaji. Ya ce a tuge waɗanda suka kamu a ƙone su nesa da gona, a buɗe wa ruwa hanya, kada a ɗebi iri daga gonar da ta kamu, kada kuma a maimaita citta a wurin baɗi.

Dattijon ya matso kusa da wayar. "To mun ji. Sunan maganin fa?"

"Baba, in na faɗi suna yanzu ƙarya zan yi muku. Wadda ta riga ta ruɓe babu maganin da zai tashe ta."

"Kai ba wannan kake karantawa ba?"

Auta ya ce, "Nawa aikin a kan cutar alkama ne."

Babu mai noman alkama a ƙasarmu. Wani daga baya ya yi 'yar dariya, ba ta mugunta ba, irin ta wanda ya gaji. Dattijon ya miƙe ya karkaɗe rigarsa, ya ce da Hausarsa ta coci, "Ba laifin yaro ba. Wanda ya biya makaranta, gonan shi ne za a karanta." Suka yi wa Baba sai an jima suka fita ɗaya ɗaya. Alhaji ne ya rage. Ya ɗauki wayar ya ce wa Auta ya yi karatunsa da kyau, Allah ne ya kawo, shi zai yaye. Daga nan na kama hanyar Kafanchan.

Ranar Auta ya sake kirana. Ya ce, "Anti, na ji dariyar nan." Na ce ya manta da ita. Ya ce yana gamawa zai dawo.

Ban ɗauki maganar da nauyi ba, amma ya dawo. Ya sauka da akwati biyu, ɗaya duk littattafai da 'yan kwalabe, ya rame, ya tara gemu. Mutane suka daina kiran sunansa, sai Dokta. Da ya durƙusa a gaban gadon Mama ta kama gemun da hannun hagu tana ja, tana wani sauti da na daɗe ban ji ba, ashe dariya ce. Na shimfiɗa masa katifa a falo, tunda ɗakinsa ya zama nata.

Ya shiga neman aiki da ƙarfinsa. Ya je jami'o'i, ya je cibiyar bincike, ya je ma'aikata. Ko'ina ana karɓarsa da fara'a, a juya takardunsa a yaba, a kira abokan aiki su zo su ga yaron da ya yi karatu a waje. Sannan a ce an dakatar da ɗaukar ma'aikata, ko a ce ya samo wani babba ya yi magana. Mu kuwa babbanmu shi ne Baba, mai ritayar jirgin ƙasa. A ƙarshe wata jami'a ta ba shi koyarwa ta wucin gadi. Ya dawo ranar farko ya ce an buɗe masa ɗakin gwajinsu ya gani, akwai injuna masu kyau, wasu ko ledarsu ba a cire ba, amma babu wuta, babu sinadaran aiki, mai riƙe da makullin ma sai da aka aika gida aka nemo shi.

Bai zauna ba duk da haka. Ya gyara tsohon mashin ɗin Baba, ya ɗaura kular ƙanƙara a baya, ya riƙa zaga ƙauyuka daga Kwoi har wajen Kachia yana tono saiwa da ƙasa, yana zubawa a leda yana rubutu a jiki. Firjina ya cika da su, maganin Mama a gefe guda, cittar mutane a gefe guda. Yana jiran wani abokinsa a Ibadan ya samo masa inda za a gwada. Sai taransifomar unguwarmu ta ƙone, aka shiga tara kuɗin gyara gida gida, abin ya ja lokaci. Janaretana ba ya ɗaukar firji. Ya yi ta sayen ƙanƙara har ya gaji. Ranar da muka buɗe firjin muka kwashe, sai da muka ɗaure hanci da ɗankwali. Shi ya haƙa ramin a bayan gida, ni na riƙa miƙo masa ledojin. Yana karanta sunan kowane ƙauye kafin ya jefa.

Da damina ta kewayo ya roƙi Baba wani ɗan fili a kan tudu inda ba a taɓa sa citta ba. Ya samo iri daga nesa, ya wanke shi da magani, ya ɗaga kunya sosai, ya yi wa ruwa hanya. Ya hana kowa shiga da fartanyar da ta taɓa wata gona. Baba yana tsaye yana kallon ɗansa mai digiri uku da laka har gwiwa, ban san abin da yake ji ba. Wajen rabin filin ya tsira, rabi ya kamu. Manoma suka zo suka duba, suka jinjina kai, suka tambayi tsadar irin, da suka ji sai suka juya suka tafi. Yawancinsu sun riga sun koma masara. Auta ya ce rabi ma wani abu ne, ya nuna hanya. Amma na ga yadda ya daɗe a tsugune a ɓangaren da ya kamu.

Abin da ba a gani daga waje shi ne abin da zamansa ya yi mini. Tun makon farko ya ce in nuna masa yadda ake juya Mama. Ya koya. Shi yake ɗaukar ta cak ya sa a keke ranar gashi, shi yake zama a layin karɓar magani. Da yamma ya fito da ita baranda, ya zauna yana matsa mata yatsun hannun dama yana ba ta labarin ƙasar da ya je, yadda rana take kaiwa har lokacin kwanciya ba ta faɗi ba, yadda ya yi ta neman yakuwa bai samu ba. Na daina rugowa gida lokacin tara. Na zauna a coci har aka yi addu'ar rufewa. Na je bikin 'yar wata ƙawata a Zonkwa na zauna har aka raka amarya, ban duba waya ba. Malaman makarantarmu suka ce na yi ƙiba.

A gari kuma magana ta fara juyawa. Waɗanda suke kawo mini takardun 'ya'yansu suka ragu. A maimakon haka sai a tare ni a ce, "Dokta har yanzu yana gida?" Wata ta ce mini a kasuwa, cikin tausayi, ko wani abu ya yi a can aka koro shi. Jami'ar da yake koyarwa ta riƙe masa haƙƙinsa zango bayan zango. Na lura ya daina zuwa sujadar safe, sai ta yamma da ba mutane sosai.

Wata Asabar muna wankin zannuwan gadon Mama a bayan gida, ni ina cuɗawa shi yana ɗauraya, ya ce yana da magana. Malamar da ta duba aikinsa a can ta samo masa gurbin bincike, aiki sosai, da albashi da ɗakin gwaji. Ta daɗe da faɗa masa, yana ta ja mata rai, yanzu ta ce ya ba ta amsa ko ta ba wani.

Na ce, "Me ka ce mata?"

"Ban ce komai ba."

"Me kake jira?"

Ya matse zanen ya shanya a igiya, ya tsaya ya ba ni baya. "In na tafi, wa zai ɗaga Mama?"

"Wadda take ɗaga ta kafin ka zo."

"Anti, na ga yadda kike tafiya da na sauka. Kin ce mini lafiya lau, lafiya lau, na zo na tarar ba kya iya sunkuyawa ki ɗaura takalmi."

Hannuna yana cikin ruwan kumfa, na bar shi a ciki. Abin da yake bakina shi ne in ce ya zauna. In ce ni ma na gaji, ni ma ina da kai, na taɓa cike takardar digiri na biyu a Jos na ajiye saboda babu mai riƙe gida. Da na faɗa da ya zauna, na san shi. Amma na riga na ga abin da zaman yake yi masa. Na ga yadda yake buɗe akwatin kwalaben nan ya duba ya rufe. Na san in ya ƙara shekara biyu a haka zai zama ɗaya daga cikin mutanen nan da ake nunawa a gari a ce, ka ga wancan, da can ƙwaƙwalwa ce. Ni na koyar da shi, ba zan iya zama ina kallo ba.

Na ce, "Ka rubuta mata yau. In ka zauna saboda ni, kullum na dube ka sai na ji nauyi, kai ma kullum ka dube ni sai ka tuna. Ba na so."

Ya ɗauki bokiti ya tafi rijiya, ya daɗe bai dawo ba.

Mu biyu muka je ƙauye faɗa wa Baba. Yana zaune yana gyara ƙotar fartanya, ya saurara har ƙarshe bai ɗago ba. Sannan ya ce, "Ka tafi. Amma wannan karon ba sai an yi godiya a coci ba." Ya tashi ya shiga ɗaki ya fito da 'yar busasshiyar citta daga wadda ta tsira a filin tudu, ya ce ya sa a shayi in sanyi ya dame shi.

Mama ce ba mu san yadda za mu faɗa mata ba. Ashe ta gane tun da ta ga an sauko da akwati. Ranar tafiyar ya durƙusa ya yi mata addu'a da yare, ta damƙe wuyan rigarsa da hannun hagu. Hannun nan yana da ƙarfi, duk ƙarfin jikinta can ya koma. Sai da na ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya. Ban raka shi tasha ba, don ranar babu wanda zan bar ta da shi.

Yanzu akwai wata gwauruwa daga cocinmu da take zuwa da safe mu kama Mama tare, ta yini da ita, Auta ne yake biyanta. Likita ya ce in daina ɗaukar abu mai nauyi, na ce to. Baba ya shuka masara da waken soya, citta kuwa sai ɗan filin tudun nan, yana bin duk abin da yaron ya nuna masa, har wanke fartanya. Alhaji ya koma sayen hatsi, yakan biyo ya gaida Mama in ya shigo unguwarmu.

Auta bai saki maganar cittar ba. Ya shawo kan mutanensa sun yarda ya haɗa da citta a cikin bincikensa, in dai za a iya aika masa da saiwa da ƙasa ta hanyar da doka ta yarda. Wannan yana buƙatar izini daga wani ofishi, kuma ni ce a kusa. Na yi ta zirga-zirga zuwa Kaduna, yau mai sa hannu ya tafi taro, gobe an ce ba nan ba ne, Abuja ne. Zuwan da na yi na baya-bayan nan an ce in dawo bayan hutu.

A hanyar dawowa na samu kujerar taga. Ina tuna mun wuce Kujama, ina ganin mata da tiren gyaɗa suna bin motar, daga nan barci ya sace ni, ban san inda nake ba. Na wuce mahaɗar da nake sauka, na wuce kasuwa. Direba ne ya taɓa kafaɗata a cikin tasha, mota ta zama wayam, har an sauke kaya. Ya ce, "Mama, an iso." Na ce masa na gode. Sannan na sauko na tsayar da keke, don gwauruwar tana tashi da la'asar, kuma lokacin juya Mama ya riga ya wuce.